Gargaɗi Dubu Huɗu da Sunan Doña Eulogia

Babbar kwamfutar ofishinmu na rajistar filaye tana da kundi inda take rubuta duk abin da ya same ta, kamar tsohuwar da ba ta da mai sauraro. An kunna ni. Wuta ta ɗauke. An sake kunna ni. Idan abin mai tsanani ne takan sa masa alama ja. Idan ƙorafi ne kawai takan sa ruwan ɗorawa, ta kira shi gargaɗi. Shekara goma sha ɗaya ina kula da ita, kuma babu wanda ya taɓa leƙa kundin nan sai ni, ni ma sai ranar da zaman banza ya ishe ni.

Sai aka yi zaɓe, jam'iyya ta canja a ofishin magajin gari, aka turo mana Dakta Zunilda Ortigoza a matsayin shugaba. Lauya ce. Ta zo da jerin sunayen mutanen da suka manna fosta lokacin kamfe, kowannensu yana jiran kujera, ofis kuwa kujerunsa tara ne, duk da mutane a kai. Ba a korar ma'aikacin gwamnati sai da laifi rubutacce. Saboda haka ta shiga neman laifi ɗaki ɗaki, da tabarau a kan hanci.

A mako na biyu ta iso ɗakina ta ce in nuna mata komai. Na buɗe mata kundin ne don ya gundure ta ta tafi. Wannan shi ne wayon da ya fi kowanne tsada a rayuwata.

Layi bayan layi, duk ruwan ɗorawa, duk magana ɗaya: ba a bai wa mai amfani ecabanas izinin kunna wannan manhaja ba. Sai wasu dogayen lambobi a baya. Ta tambayi adadin gargaɗin, kwamfuta ta ce dubu huɗu da ɗari uku da sha shida a cikin shekara biyu.

"Wace ce ecabanas?" in ji Dakta, alhali ta sani.

Doña Eulogia Cabañas ta yi shekara talatin da huɗu a ofishin. Wata bakwai suka rage mata ta yi ritaya, kuma wanda aka kora da laifi ba ya ganin fansho. Ta san iyakar kowane fili a garin nan da ka, ta san wanda ya matsar da shingensa da wanda aka matsar wa. Ni kuwa ba ta taɓa yafe mini ɗauke mata tafireta ba. Kowa yana kirana Injiniya, ita sai dai mai gyaran rediyo. Ita ce mai zuba tereré, shayin ganye mai sanyi da ake sha a kofi ɗaya, da ƙarfe goma a ƙarƙashin mangwaro, kuma kofin yakan zagaya kowa ya tsallake ni, shekara goma sha ɗaya, ba kuskure ko sau ɗaya.

Na yi wa Dakta bayani da sauƙin da na iya. Na ce wata 'yar manhaja ce a cikin na'urar take ƙwanƙwasa ƙofar da ba tata ba, a hana ta, ta zagaya ta ƙofar baya ta yi aikinta, ita kuma kwamfuta ta rubuta ƙorafi. Sunan da yake fitowa na wanda aka shiga da shi ne kawai. Ba mutum ba ne yake neman shiga ko'ina. Na ce su kansu waɗanda suka ƙera abin sun ce a ƙyale shi, duk mai irin wannan kwamfuta yana da irin wannan gargaɗi, daga nan har Asunción, babban birnin ƙasa.

"Injiniya Fretes, na yi shekara ashirin a kotu," in ji ta. "Ban taɓa ganin an gargaɗi mutum sau dubu huɗu a kan babu ba."

Na ce kotu daban, na'ura daban. Ta ce izini kalma ce ta shari'a, kuma a fagen nan ita ce ta yi karatu, ba ni ba. Ta sa aka buga kundin a takarda, shafi ɗari da casa'in, ta buga hatimi a kowane shafi da hannunta. Kafin Juma'a an miƙa wa Doña Eulogia takardar tuhuma: yunƙurin kutsawa cikin bayanan da aka hana ta, sau dubu huɗu da ɗari uku da sha shida.

Doña Eulogia ba ta je wajen Dakta ba. Wajena ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa da takardar a hannu.

"Nawa ta ba ka?"

Na ce ba a ba ni komai ba, kuma ni ne zan tsaya a gaban kwamiti in ce ba ta da laifi.

"Kai? Kai da ka sa sunana a ciki? Allah ya raba ni da taimakonka, mai gyaran rediyo. Na san ubanka, shi ma shingensa ba a inda ya kamata yake ba."

Ta tafi ta bar ƙofar a buɗe don sanyin ɗakin ya fita. Ta san abin yana ƙona mini rai.

Na zauna na bi kwanakin gargaɗin ɗaya bayan ɗaya, ina neman hujja. Na same ta, kuma ban ji daɗin samunta ba. A watan Mayu na bara Doña Eulogia ta yi mako uku a asibiti a Asunción, an yi mata aikin maɗaciya. A mako ukun nan gargaɗin bai yi fashin rana ɗaya ba, da sunanta.

Dalilin kuwa kowa a ofis ya san shi, ban da Dakta. Buɗe wa ma'aikaci sunan shiga yana buƙatar fom kwafi uku da sa hannun shugaba. A shekarata ta farko na cike fom tara, shugaban lokacin ya sa hannu a ɗaya ya ɓatar da takwas. Ban sake cikewa ba. Wanda ya tsira na Doña Eulogia ne, kuma da yake ita ce take fara zuwa, ƙarfe shida da rabi, sai ta zagaya ta kunna kowane tebur da sunanta. Ranar da ba ta nan, kalmar sirrin tana rubuce a wata 'yar takarda a ƙarƙashin gunkin Maryamu da ke kan kabad. Dokar aiki ta ce wanda ya ba da kalmar sirrinsa korarre ne. Ta kuma faɗi wani abu makamancin haka game da injiniyan da ya bar mutum tara a kan suna ɗaya.

Wato hujjar da za ta wanke ta daga laifin ƙarya ita ce za ta jefa ta cikin na gaskiya, ni kuma in bi bayanta. Na same ta a farfajiya tana wanke kofin tereré, na ce duk abin da za ta faɗa a gaban kwamiti, kada ta ambaci watan Mayu. Ta dube ni daga takalmi zuwa sanƙo. Ta ce ta gode, yanzu ta san abin da ya kamata ta ambata.

An yi zaman ranar Talata da safe a ɗakin taro. Don Crispín Amarilla, shugaban sashen ma'aikata, shi ne ya jagoranta, mutumin da ya yi aiki da magajin gari shida ta hanyar rashin fahimtar komai da wuri. Sauran 'yan kwamitin biyu sun zo ne don chipa, burodin garin rogo da cuku, da aka ajiye a tebur. Dakta ta karanta tuhumar, ta ɗora hannu a kan shafi ɗari da casa'in kamar mai rantsuwa.

Da aka zo kaina na maimaita labarin 'yar manhaja da ƙofar baya. Sannan na jawo kwamfuta na ce ga gwaji. Da safen nan na buɗe wa Dakta suna nata na kanta, zortigoza, ba fom ba komai. Na roƙe ta ta shiga da shi. Ta ce ba ita ake tuhuma ba. Don Crispín ya ce ai ba cizo take yi ba, Dakta. Ta danna da yatsa ɗaya. Na buɗe kundin a gabansu, ga sabon layi ruwan ɗorawa: ba a bai wa mai amfani zortigoza izini ba.

Ɗaya daga cikin masu chipa ya yi dariya, sai ya mayar da ita tari.

Dakta ba ta girgiza ba. Ta ce sunan da aka ƙirƙira yau da safe, a hannun mutumin da ya riga ya zaɓi ɓangare, zai faɗi duk abin da aka koya masa. Ta ce ɗaya ne a kan dubu huɗu. Ta ce a rubuta cewa shaida ya yi wa na'urar gwamnati wasa a gaban kwamiti. Don Crispín ya shafa haɓa ya ce lallai abin yana da ɗaure kai.

A nan Doña Eulogia ta buɗe jaka. Na kalli silin.

"Ga takardar asibiti," in ji ta. "Uku ga Mayu zuwa ashirin da huɗu. Cikina a buɗe, likitoci suna tsintar duwatsu. Ku duba littafin matar nan, in ban yi ƙarya ba ina ciki kullum. Da wane hannu na yi kutsen, Dakta? Da wanda aka sa wa ƙarin ruwa?"

Aka duba. Tana ciki kullum. Doña Eulogia ta jingina da kujera ta dube ni, fuskarta tana cewa ka ga abin da ka so in ɓoye.

Dakta ta cire tabarau. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki ba sai ranar.

"Madalla. To wa kika bai wa kalmar sirrinki?"

Doña Eulogia mace ce mai baki, amma ba ta iya ƙarya ba, kuma ambaton suna ɗaya yana nufin ambaton takwas. Dakta ta jawo littafin dokar aiki, ta buɗe shafin ba tare da ta nema ba, ta fara karantawa a hankali, tana ɗanɗana kowace kalma.

Zan so in ce tausayi ne ya sa na yi magana. Ba na tsammani. Rubutun da ke ƙarƙashin gunkin nawa ne, kuma Doña Eulogia ta san hannun kowa a garin nan. Banda haka, na gaji da jin ana yi wa kundin nan fassarar da ba tasa ba. Na ce ba ta bai wa kowa ba. Ni na rubuta kalmar, ni na sa ta a ƙarƙashin gunki, saboda a ofishin nan gaba ɗaya suna ɗaya ne yake aiki, kuma ni ne ban buɗe sauran ba.

Don Crispín ya tambaya ko ina nufin kowa da kowa. Na ce kowa. Ya tambaya har da teburin shugaba. Na ce Dakta takan iske kwamfutarta a kunne kowace safiya, ba ta taɓa tambayar wanda ya kunna ba. Na juya allon na nuna musu takardar tuhumar kanta, da ranar da aka rubuta ta, da sunan marubuci: ecabanas.

"Tsaya, Injiniya," in ji Don Crispín. "Wato a wajen na'urar nan, Doña Eulogia ce ta kai ƙarar kanta?"

Na ce haka ne, kuma ita ce ta amince da takardun filaye goma sha huɗu da Dakta ta amince da su tun zuwanta.

Dakta ta mayar da tabarau. Ta ce wannan batu ne daban, ba ya gaban kwamiti. A karon farko cikin shekaru Don Crispín ya fahimci abu da wuri. Ya ce sunan da yake na kowa ba ya kama kowa, a rufe tuhumar, a bar shafi ɗari da casa'in a ma'ajiya. Ya miƙe ya ɗauki chipa biyu.

Doña Eulogia ta koma teburinta kafin sha biyu. Dakta kuwa kujera take nema tun farko, ga shi an nuna mata wata. Takardar tuhumata ta iso ranar Alhamis, shafi biyu kacal, kuma ban sami ko layi ɗaya na ƙarya a ciki ba.

Shaida ta farko da aka kira a zaman tuhumata Doña Eulogia ce. Ta zo da sabuwar riga da wani ɗan littafi mai baƙin bango. Ashe duk ranar da ta ce mini in raba wa mutane sunayensu ta rubuta, da kwanan wata, da amsar da na ba ta. Sau ashirin da uku. Ta karanta su duka, har tana kwaikwayon muryata a wurin da nake cewa mako mai zuwa. Ta yi minti arba'in ba a katse ta ba.

Da na fito na iske ta a baranda tana gyara jaka. Na ce ina fatan ta huce.

"Rantsar da ni aka yi," in ji ta. "Me kake so in ce?"

Na ce babu komai. Ta ce in matsa, na tare hanya, akwai mutane suna jiranta a layi tun safe.