Takardar da Aka Ɗinke a Jar Fata

A unguwar Harra ta Gabas da ke Madina aka yanke wa Tahir cibiya, shekara arba'in da bakwai ke nan, amma a wajen hukuma har yau bai iso Madina ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da fasfon kowace ƙasa. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi ƙwarewa a kauce wa shingen 'yan sanda. Shi dai ya saba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne 'yarsa Najwa, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda kwalejin koyon jinya ta ce tana so, in dai za ta kawo lambar shaida. Shekara biyu tana zaune a gida tana wanke-wanke.

Sai aka ji an kafa wani kwamiti na gyara zaman tsofaffin iyalan baƙi. Duk wanda ya kawo takardar shigowar mahaifinsa za a ba shi lamba, shi da 'ya'yansa. Ranar Alhamis za a rufe karɓa.

Tahir ya zazzage adakar mahaifinsa, marigayi Malam Ashafa, wanda ya taho daga Haɗeja a ƙafa ta Sudan. Ya sami wasiƙun ajami da carbi da tsohon rawani, bai sami takarda ba. Ranar Talata ya hau mota zuwa Bi'ir Ali, inda mahaifiyarsa Iyatu take zaune gidan ƙanwarsa tun da idonta ya mutu. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, tsohuwa har da dariya.

Ta ce, “Ai Malam bai yi wasa da waraƙarsa ba. Shekarar da ruwa ya ci gidajenmu ya kai wa baduku, aka ɗinke ta a jar fata. Warware rawaninsa, tana ciki.”

Tahir ya san jar fatar nan sarai. Yana ɗan shekara ashirin da huɗu, gemu ya fara tsirowa, ya yi wata biyu yana zuwa darasi a masallaci, har yana ganin duk unguwar babu mai tauhidi sai shi. A lokacin ya tsinci ƙullin fata a cikin rawanin, ya yanke hukuncin laya ce. Ko farke ta bai yi ba, wai kada ya taɓa shirka da hannunsa. Ya kai ta kan baƙaƙen duwatsun bayan gida, ya zuba kananzir ya kyasta ashana, ya dawo yana jin daɗin ya sauƙaƙa wa ubansa kwanciyar kabari. Bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma yau ma bai iya gaya wa tsohuwar ba. Ya ce to, ya tashi.

A gida Najwa ta tare shi a bakin ƙofa, ta tambaya da Larabci ko an dace. Ya ce mata da Hausa ana kan nema. Ta dube shi kawai, kallon da ya gwammace a mare shi da shi.

Mutum ɗaya ya rage daga ayarin mahaifinsa, Baba Habu, wanda ya tsufa a wata gonar dabino a Badr, bai yi aure ba, bai taɓa taka ƙofar ofis ba. Ranar Laraba Tahir ya tafi can, yana fatan ko kwamiti zai karɓi shaidar baki, alhali ya san sun ce takarda kawai. Ya tarar da tsohon a inuwa yana tsince dabino. A gabansa ne ya kasa riƙe maganar, ya faɗi komai, har ashanar, yana kuka kamar ba magidanci ba.

Baba Habu bai yi masa faɗa ba, abin da ya ƙara ƙona Tahir ke nan. Ya sa hannu cikin riga ya zaro ƙullin jar fata, ya ce baduku ɗaya ne ya ɗinka musu, rana ɗaya. Ya miƙa masa wuƙar dabino. Da Tahir ya farke zaren, takarda ta fito fes, hatimin tashar jirgin ruwa raɗau, ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Ya karanta ta sama da ƙasa, gaba da baya, yana neman inda aka lissafa abokan tafiya. Sunan Habu ne kaɗai.

Tsohon ya ce shi ba ta da wani amfani a wurinsa, abin da ya rage masa maƙabartar Baƙi'a ce, can kuwa ba a tambayar hatimi. Ya ce a gida aka haifi Tahir, babu inda aka rubuta ɗan waye, kuma shi zai iya zuwa ya dangwala hannu.

“Ka ce ni na haife ka. In na riski Ashafa zan yi masa bayani.”

Tahir ya ce a'uzu billahi. Ya san girman zunubin mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, shi da bakinsa ya sha yi wa matasa wa'azin haka. Ya ajiye takardar a kan tabarma, ya yi sallama, ya kai har bakin titi. Motoci biyu suka tsaya masa suka wuce bai shiga ba. Sai ya koma gonar.

Ranar Alhamis su uku suka shiga layi, Baba Habu yana dogara sanda, Najwa tana riƙe da hotuna a cikin ambulan. Ba a kira su ba sai dab da azahar. Ma'aikacin ya juya takardar, ya yaba yadda aka adana ta, ya ce da kowa ya kula da kayan iyayensa haka da aikinsu ya yi sauƙi. Sannan ya jawo fom, ya tambayi sunan uba.

Tahir ya juya ya dubi Baba Habu. Ma'aikacin ya ɗago ya sake tambaya, na bayansu suka fara tsaki.

Tahir ya ce, “Habu.”

Najwa ta juyo da sauri wajen mahaifinta. “Abuya?”

Bai kalle ta ba. Ma'aikacin ya rubuta, ya ce a matso da yarinyar, ya tambaye ta sunan kakanta.