Muryar da Ke Karanta wa Baba

Muryar ta kai tsakiyar jimla ta sake maƙalewa. Baba ya ɗauke hannuwansa daga madannai, ya harɗe su a ƙirji, ya ce wa Auta mutumin nasa ya koma in'ina.

Tun da idanunsa suka tafi, wannan muryar ce ke karanta masa takardun da yake fassarawa. Tsohuwar manhaja ce, ba ta shiri da sabuwar kwamfutar da ke kan teburinsa, shi kuma ya rantse ba zai saurari wata ba, wai sababbin muryoyin sauri suke kamar an biyo su. Don haka Auta, wadda gyaran kwamfuta ne aikinta, ta kafa masa wata kwamfutar a cikin tasa, irin wadda ba ta da jiki, sai dai ta ari ƙwaƙwalwa da wurin ajiya daga ta gasken. Nan ta zuba tsohon tsarin da muryar.

Lafiya lau ake tafiya har aka yi wa Auta tayin aiki a wani gari mai nisa. Daga nan ta cikin ta fara daskarewa. In kuwa ta daskare, Baba ba shi da hanyar sanin abin da ke kan allo, zama zai yi jugum har wani ya shigo. Gobe ake jiran amsar Auta a kan aikin, kuma ta riga ta yanke a ranta: in abin bai gyaru ba, ba inda za ta.

Ta ƙara wa ta cikin ƙwaƙwalwa, a banza. Ta kwance akwatin ta goge fanka, ta duba ko faifan ajiya ya cika, ashe da sauran wuri. Ta sake kunnawa. Muryar ta karanta shafi guda tiryan-tiryan, har Auta ta fara murmushi, sai muryar ta tsaya cak. Takaici ya ishi Auta, ga tsoro, don tana son aikin nan ƙwarai, ta dai ƙi faɗa ne.

"Injiniya," in ji Baba, haka yake kiran ta in yana son tsokana, "me kika taɓa tun da aka kira ki aikin nan?"

Ta ce ba komai, 'yan matakan tsaro ne kawai. Tana rufe baki ta gano kuskurenta. Duk wunin nan ta cikin take bincike, ba ta leƙa ta wajen ba. Ta buɗe inda ake ganin abin da ke cin ƙarfin kwamfutar, ta tarar faifan na aiki ba hutu. Ga manhajar da ta sa tana kwafe ta cikin dungurungum a kai a kai, don kada aikinsa ya ɓata. Ga mai farautar bairos tana bin kowane kwafi tana shinshinawa. Ga kuma wadda za ta riƙa nuna mata allonsa daga nesa, dare da rana. Duk ita ta sa su da hannunta, saboda tafiyar.

Kunya ta kama ta. Da ta yi masa bayani, Baba ya yi dariya har da tari.

Ta mai da kwafin ya zama sau ɗaya bayan ya tashi aiki, ta hana mai farautar taɓa fayil ɗin ta cikin. A kan ta ukun hannunta ya daɗe. Daga ƙarshe ta gyara ta yadda ba za ta buɗe ba sai ya danna maɓalli da kansa. Ta kama yatsansa ta ɗora a kai.

"Ke nan ba ki gani na sai na kira ki?"

"Sai ka kira ni, Baba."

"To tashi ki haɗa kayanki, kin tare mini iska."

Muryar ta ci gaba da karatu, shafi bayan shafi, Auta na jiyo ta daga ɗakinta tana ninke kaya. Ba ta kai ga cika jakar ba wayarta ta yi ƙara. Baba ne, daga falo.

Ta ɗauka da sauri. "Ta tsaya?"

"A'a," ya ce. "Ke nake gwadawa, in ji ko kina ɗauka."