Hanyar Ɗakin Baba Dogo

"Dogo ne ƙwarai," in ji baƙon, ya ɗaga hannu sama har hularsa ta karkace. "Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake. Abdulganiyyu sunansa."

Muttaka bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da ɗaure tayar keken da yake tura tsofaffi da shi a Harami, yana tsugune a gindin kantin Majid, cikin wani lungu na unguwar Misfala a Makka. Ta wutsiyar ido dai ya ƙare wa mutumin kallo: gajeren tsoho mai dogara sanda, jallabiya sabuwa fil, tabo ya raba girarsa ta dama biyu. Ga wata ƙatuwar waya a hannu da ba ya ajiyewa.

"Ba mu san shi ba, Alhaji."

"An ce mini a unguwar nan yake."

"Wa ya ce?"

"Wani ne a masaukinmu."

Wani. Kullum ai wani ne. Haka aka yi wa Hadi, ƙanen Muttaka. Wani mai daddaɗar Hausar Kano ya zo da sunan ya kawo saƙo daga gida, aka nuna masa ƙofa, ba a jima ba motar jawazat, jami'an shige da fice, ta tsaya a bakin lungu, aka tasa ƙeyar Hadi zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai jirgi. Tun ranar Muttaka ya daina sanin kowa. Ko sunan matarsa ka tambaye shi, sai ya tambaye ka me za ka yi da shi.

"Ni sunana Ma'aruf," baƙon ya ci gaba. "Umra na zo. Tare muka yi jami'a da shi a Zariya, tare muka buga ƙwallon kwando. Mu tsofaffin ɗalibai muna da zaure a waya, muna tuna 'yan wasanmu na da, na kwando da na ƙafa. Kowa mun samo labarinsa, mai rai da wanda ya riga mu. Shi kaɗai ya rage."

"Allah ya sa a dace," Muttaka ya ce, ya juya masa baya.

Mutumin da ake nema kuwa yana kwance a saman gidan da Muttaka yake haya, a wani ɗan ɗaki, amma ba a san shi da sunan Abdulganiyyu ba. Baba Dogo kowa ke ce masa. Ya zo aikin hajji bayan rasuwar matarsa, tun Muttaka yana yaro a gida, bai kuma koma ba. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba shi da kowa. Tun azumi ciwo ya kwantar da shi, ya kuma ƙi asibiti ƙememe, don asibiti takarda ake fara tambaya. Burinsa guda ne, ya faɗa ya maimaita: ya cika a Makka, a sallace shi a Harami. Abin da ke hana Muttaka sukuni ke nan. A ce bayan duk shekarun nan a ciccibi tsohon nan daga shimfiɗa a kai shi tarhil, saboda shi Muttaka ya saki baki? Ina, ba da shi ba.

Da la'asar ya hau da kwanon kunun da matarsa Ummulkhairi ta dama. Gadon ya yi wa Baba Dogo kaɗan, an tara kwalaye a ƙarshensa an ɗora ƙafafunsa. Yana tsotsar dabino. Da ya gama, ya riƙe ƙwallon da yatsu biyu, ya karya wuyan hannu, ya cilla. Ya faɗa cikin gwangwanin madarar da ke bakin ƙofa, ƙwal.

"Hannun bai mutu ba," ya ce, yana haki.

Daga nan ya shiga abin da ya saba. Iliya Katanga, mai tsaron gidan da ya kama bugun fenareti da karyayyen haƙarƙari a wasannin jami'o'i. Garba Walƙiya, da yake cire takalmi in wasa ya yi zafi. Ranar da suka je Ibadan, 'yan kallo suka yi ta jifansu da ɓawon lemo, shi Dogo ya zuba ƙwallo a kwando har masu jifan suka koma tafi. Muttaka ya ji labaran nan har ya haddace, bai kuma taɓa yarda da ko ɗaya ba. A Misfala kowa in ya tashi ba da tarihinsa wani ne a gida. Mai wankin kwanuka ma tsohon hedimasta ne. Shi dai yakan ce "ikon Allah" a inda ya dace, don tsohon ya ji daɗi.

"Sai Kurege," in ji Baba Dogo. "Ɗan gajere, ko hammatata bai kai ba. Shi ke ba ni ƙwallo ba tare da ya kalle ni ba. Wata rana na sauko daga tsalle, gwiwar hannuna ta same shi a gira, ta dama. Har ya mutu da tabon nan zai tafi."

Cokalin ya tsaya a hannun Muttaka.

"Baba, in da Kuregen nan zai zo fa?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Da na sa shi ya zauna nan, ya gaya muku ba ƙarya nake ba. Kai Muttaka, ka zaci ban san ba ka yarda ba? Ina ganin idonka."

Kunya ta kama Muttaka. Ya sauka ya kwashe komai ya gaya wa Ummulkhairi a bakin murhu.

"To me kake jira, Baban Manar? Je ka kira shi."

"Tabo fa kawai na gani. Mutum nawa ne ke da tabo a gira? Ko da shi ɗin ne ma, kin ga wayarsa? Ya ɗauki hoto ya watsa a zauren nasu, gobe duniya ta san ƙofar gidan nan. Ke da ni wa ke da takarda?"

"Ka taɓa ƙafafun Baba yau?" ta tambaye shi. "Sanyi ƙalau."

Ya kwana yana juya maganar. Washegari da hantsi baƙon ya sake ɓullowa kantin Majid, yana share gumi. Muttaka ya tare shi.

"Alhaji, me ake ce maka a filin wasa?"

Fuskar tsohon ta washe. "Kurege."

Ko wannan bai kwantar wa Muttaka da hankali ba, don suna abu ne da ake iya tsinta a bakin wani. Amma ya ce zai kai shi, da sharaɗi: waya ta zauna a hannun Majid. Majid haifaffen Makka ne, yana da takardunsa, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Ya karɓi wayar ya jefa a aljihun tebur, ya ce, "Khalas, ya ammi, amana ce." Muttaka ya kashe tasa wayar shi ma, don ya ji ana cewa ta nan suke bin sawu. Keken kuma ya bar shi a nan, kada a ga ana tura baƙo cikin lungu a fara tambaya.

Akwai yadda ake kai baƙo gida a unguwar, kowa ya sani. Ba a bi da shi kai tsaye. Sai a zaga da shi har ya rasa gabas, yadda ko an matsa masa ba zai iya nuna ƙofa ba. Muttaka ya ɗauke shi suka gangara ta wajen masu gasa burodi, suka haura wasu matakala, suka ratsa bayan wani tsohon masauki da ake rushewa, suka sake gangarowa. Rana ta take. Alhaji Ma'aruf yana jan ƙafa, gwiwa ta ƙi, bini-bini sai ya jingina da bango. Amma bakinsa bai huta ba.

"Ka taɓa jin Iliya Katanga? Da karyayyen haƙarƙari ya kama fenareti, ina wurin. Ya rasu bara waccan. Garba Walƙiya kuma yana nan Gusau, ido ya tafi."

"Wanda ke cire takalmi?" Muttaka ya ji bakinsa ya faɗa.

Tsohon ya tsaya cak. "Ashe yana ba ku labari."

Ya ba da na Ibadan, har da ɓawon lemo. Ya ƙara da abin da Baba Dogo bai taɓa faɗa ba: ranar ɗalibai a kafaɗa suka ɗauki Dogo daga tashar jirgin ƙasa har cikin makaranta, mutum shida suna nishi saboda tsawonsa. "Ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba," ya ce. "Kuma na ga 'yan wasa."

Zuciyar Muttaka ta rabu biyu. Wani ɓangare yana murna Baba zai ji wannan da kunnensa. Wani ɓangaren yana cewa labarin ya yi daidai da yawa, kamar wanda aka biya wa karatu. Sai ya waiga, ya ga wani saurayi da farar riga a bayansu. Wataƙila hanyarsa ce kawai. Wataƙila kuma ba haka ba. Ya ƙara zagaye ɗaya ta bayan masallacin unguwa, suka tsaya a inuwa har saurayin ya ɓace.

Ana kiran azahar suka iso. Ummulkhairi ce zaune a kan matakala, ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Na yi ta kiran wayarka," ta ce. "Baba ya cika."

Jikin bai gama hucewa ba. Ta ce ya tambaya ko Muttaka ya dawo, ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Alhaji Ma'aruf ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙyar a gefen gadon, ya yi salati. Ya daɗe yana kallon fuskar kamar bai gane ta ba. Sai ya jawo hannun hagu, ya sami lanƙwasasshen yatsan, ya riƙe.

"Dogo," ya ce a hankali. "Ni ne."

Muttaka ya tsaya a bakin ƙofa kusa da gwangwanin madara. Yana so ya ce, Baba, na yarda, amma babu wanda zai gaya wa.

Aka aika wa Majid, don shi mai takarda shi zai iya shige gaba a maganar jana'iza, Majid ɗin kuma ya ce in Allah ya so a Harami za a yi sallar. Alhaji Ma'aruf ya ce zai koma masauki ya sanar da abokan tafiyarsa, ya dawo a yi wanka da shi. Amma da ya miƙe, gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Muttaka ya ruga ya ɗauko keken, ya zaunar da shi.

Wannan karon bai zaga ba. Suka fito ƙofa, suka bi ɗan siririn lungun da ke hannun dama, suka wuce tankin ruwa, sai ga kantin Majid a gabansu.

Tsohon ya dubi kantin. Ya juya a kan keken ya dubi baya, inda ƙofar gidan take a buɗe, ana hango manyan takalman Baba Dogo a gindin matakala. Ya ɗaga kai ya dubi Muttaka. Muttaka ya sunkuyar da nasa, hannuwansa a kan mariƙin keken.

Majid ya fito da wayar ya miƙa. Alhaji Ma'aruf ya karɓa, ya kife ta a kan cinyarsa, bai kunna ba.