Tambayar da Aka Yi a Gaban Inna

Kurajen sun fito wa Aina'u ne a tsakiyar damina, lokacin da gero ya fara fitar da kai. Da farko 'yan kaɗan ne a haɓa, kafin a ankara sun cika kumatu da goshi, jajaye, wasu da farin baki, masu zugi idan ta kai goshinta ƙasa a sujada. Ita ba su dame ta sosai ba. Wadda suka hana sukuni ita ce surukarta, Inna Hure.

Inna Hure ba ta iya son mutum a hankali ba. 'Ya'yanta duk maza ne, don haka da autanta Badaru ya auro Aina'u, marainiyar da ba ta ko san fuskar uwarta ba, sai tsohuwar ta kwaso duk tarairayar da ta daɗe tana ajiye wa 'ya mace ta juye mata. Ita ke yi mata kitso, ita ke ɓoye mata ƙanzon tuwo. Badaru yana kasuwar Dawanau a Kano yana awon hatsi a rumfar ubangidansa, sai ranar Juma'a yake leƙo gida, sauran kwanakin kuwa daga Inna sai Aina'u.

An gwada sabulun salo, an gwada ruwan darbejiya, an gwada lemon tsami da toka har fuskar ta riƙa raɗaɗi, kurajen ko gezau. Sai Inna ta yanke hukunci cewa gobe da safe za su hau mota zuwa asibiti, kuma ba ta neman shawarar kowa.

Abin da Inna ba ta sani ba shi ne Aina'u ta yi ɓatan wata. Ko Badaru bai sani ba. A ƙauyen nan cikin fari ba abin faɗa ba ne, barinsa ake yi ya girma ya faɗi kansa. A gaban suruka kuwa, yarinya ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige da ta furta shi da bakinta. Da wannan ake yabon 'ya mace, a ce wance akwai kunya, kuma ba a cika tsayawa a tambayi abin da kunyar take ci ba.

Ma'aikaciyar lafiyar da suka tarar, Malama Kaltumi, mace ce mai fara'a amma ranar layi ya yi mata yawa. Inna ta bi Aina'u har cikin ɗakin ta zauna a benci, ita ce ma ta yi duk bayanin ciwon kamar a fuskarta yake. Malama Kaltumi ta juya fuskar Aina'u wajen hasken taga ta duba, ta ɗauko wata 'yar roba mai kama da ta makilin, ta ce wannan maganin shafawa ne, jel ake ce masa, yana aiki, amma yana da dokoki. A wanke fuska da yamma, a bari ta bushe, a matso kamar ƙwayar wake ɗaya tak, a shafa sama-sama, kar ya kusanci ido ko leɓe ko ƙofar hanci. Kar a haɗa shi da man bilicin ko lemon tsami. A guji zama cikin rana. Fatar za ta ɗan yi ja ta saɓule da farko, kar a tsorata, kar kuma a ƙara yawansa don neman sauri. Ba a ba wa kowa aro.

Sannan, tana riƙe da robar ba ta sake ta ba, ta ce, "Kina da ciki, ko kina tsammani? Mai ciki ba ta shafa wannan."

Aina'u ta ɗan waiga. Inna tana nan a gefenta, gwiwarsu har tana gogar juna. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ƙura wa lallen ƙafarta ido.

Inna ta yi dariya ta ce, "Haba 'yar nan, wace irin tambaya ce wannan a gabana? Da akwai ai da na riga kowa sani."

Malama Kaltumi ta ce ita dai daga bakin mai fuskar take son ji. Aina'u ta girgiza kai, 'yar girgiza ƙarama wadda da ƙyar mayafinta ya motsa. Aka miƙa mata maganin.

A mota ta yi niyyar ba za ta shafa ba. Za ta jefa shi ƙasan akwati, in an tambaya ta ce tana shafawa. Amma ta manta da wa take zaune. Inna ta karɓe robar ta ɗaure a bakin zanenta, wai yaran yanzu ba su san ƙwayar wake ba, za su matso kamar curin fura. Kowace yamma bayan Magariba sai ta shimfiɗa tabarma, ta sa Aina'u ta wanke fuska, ta jira ta bushe, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Da ɗan yatsanta mai kaushi take bi a hankali, tana kauce wa ido, tana kauce wa leɓe, tana yi mata hirar zamanin da aka kawo ta gidan tana amarya. Ba dokar da ta karya. Da rana ma, in Aina'u za ta fita shanya sai Inna ta ƙwace kwandon ta ce ta koma inuwa.

Tun da Aina'u ta zo duniya ba wanda ya taɓa riƙe fuskarta haka. Kullum takan ce yau za ta faɗa, kullum sai ta rufe ido ta yi shiru. Wani lokaci in ta shiga ɗaki takan goge da gefen zane, wani lokaci hira ta yi tsawo har maganin ya bushe. Sai ta riƙa lallashin kanta cewa abin da aka shafa a goshi ina zai san hanyar ciki.

Da kaka ta yi, aka fara kawo gyaɗa daga gona. Wata safiya suna zaune suna ɓare ta a inuwar rumbu, Aina'u ta ji mararta ta murɗa. Ta daure, ta ci gaba da ɓarewa. Da ta miƙe za ta shiga ɗaki, Inna ta ga bayan zanenta, ƙwaryar da ke hannun tsohuwar ta suɓuce gyaɗa ta watse a tsakar gida. Ba ta tambayi komai ba, don ta haihu ta kuma ga haihuwa. Ta fita ba mayafi tana kiran maƙwabta a nemo mota.

Kafin su isa asibiti cikin ya zube.

Malama Kaltumi ce ta karɓe su. Bayan an gyara Aina'u an sa mata ruwa, ta zo ta zauna a bakin gadon. Wannan karon ta roƙi Inna ta jira a waje. Aina'u ta juya fuska ga bango ta tambaye ta ko maganin ne. Malama Kaltumi ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce abin da ke ratsa fata daga irin wannan maganin kaɗan ne ƙwarai, kuma ɓari yana samun mata da yawa da ba su taɓa shafa komai ba, musamman a watannin farko. Zuciyarta ta fi ba ta cewa ba shi ba ne. Amma an hana masu ciki ne don ba a son a gwada sa'a da jariri, kuma ba za ta iya dafa Alƙur'ani ta rantse a kan ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ni ma da laifina. Da na fitar da Inna kafin in tambaye ki."

Ƙofar ba ta rufu sosai ba, Inna kuwa kunnenta lafiya lau. Da suka dawo gida ta kwance robar daga bakin zane ta jefa a masai. Badaru ya zo, ya yi kwana biyu, ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya koma Dawanau da jajayen idanu. Inna ta dafa wa Aina'u ruwan zafi, ta dama mata kunun kanwa, ta yi mata duk abin da ake yi wa mai jego, sai dai ba jaririn. Sau ɗaya kawai ta yi maganar. Tana tsefe mata kai, daga baya inda ba sa ganin idon juna, ta ce, "Da hannuna na shafa miki." Aina'u ta ce, "Ni ce na girgiza kai, Inna." Daga nan ba wadda ta ƙara, kuma tabarmar bayan Magariba ba a sake shimfiɗa ta ba.

Abin takaici, fuskar ta warke. Ko maganin ne ya yi aiki, ko tafiyar cikin ce ta tafi da kurajen, oho. Ta yi sumul, har tabon ya dushe. Aina'u ta juya madubinta ya fuskanci bango, ta koyi ɗaura ɗankwali ba tare da shi ba.

Da bazara, ana tsananin zafi, aka yi suna a gidan maƙwabta. Aina'u ba ta so zuwa ba, don a lissafinta a wannan watan ne da ita ma za ta sauka, amma rashin zuwa zai jawo magana. Ɗakin mai jego ya cika da mata. Aka miƙo mata jaririyar, ta karɓa, ta yi addu'a, ta mayar da sauri. Nan fa aka dawo kanta, ana ta yaba fuskarta, wai kamar ba ita ce ta damina ba.

Wata dattijuwa, Iya Maimunat, ta jawo hannun matar ɗanta, wata amarya mai suna Ramlat, wadda kumatunta suka yi jajir da kuraje. Ta ce wa Inna Hure don Allah a faɗa mata sunan maganin nan, ko a ba su ragowar, in ma babu ta aika a sayo a kyamis ranar kasuwa, ba sai an sha layin asibiti ba.

Aina'u ta dubi Ramlat. Tun shigowarsu yarinyar ba ta taɓa wainar da aka ajiye mata ba, tana ta tsotsar tsamiya a ɓoye cikin mayafi, kanta a ƙasa, idonta a kan lallen ƙafarta.

Aina'u, wadda ba a taɓa jin muryarta a taro ba, ta ce, "Ba a ba da aronsa, Iya, ba a kuma saye a kyamis haka kawai. Akwai tambayar da ake yi tukuna. Ni an yi mini ita ina da ciki, na ce babu."

Wata ta ce subhanallahi a hankali, wata ta kawar da kai don jin nauyi. Inna Hure ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kama hannun Iya Maimunat ta ce, "Taso, Maimunat, mu ba yaran nan wuri." Ta tsaya a bakin ƙofa har sai da manyan duk suka fita, sannan ta saki labule.

Aina'u ta matsa kusa da Ramlat ta yi mata tambayar a kunne. Yarinyar ta daɗe tana murza gefen mayafi, sannan ta ce, "Eh."

Aina'u ta ce to kar ta shafa komai, ta je asibiti, ta shiga ɗakin ita kaɗai. Sannan ta zauna tana jin mamakin yadda kalmar take ƙarama, ko baki ba ta cikawa. Jaririyar ta farka ta fara kuka a kan gado, mai jego tana bayan gida, sai Aina'u ta tashi ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa. Wannan karon ba ta yi saurin mayarwa ba.