Ƙanen da Ba Ya Cikin Kati

Aikina a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau ta Yamai shi ne in zauna gaban wata na'ura mai kunnen ƙashi. Ba ta hutawa, kullum tana karanta abin da mutane suka zuba a intanet, tana tsintar wane ɗan wane ne, wance gidan wa take aure. Ni Rifkatu nawa in danna "e" ko "a'a".

A katunan aure take koyon dangantaka. Kun san katin Yamai: sai an jero iyalai arba'in, na Maraɗi, na Damagaram, har maƙwabcin da ya ba da aron tabarma, kafin a kai ga sunan amarya.

Wata Talata ta kawo mini wannan: "Alhaji Hamisu Jibo, mai kayan yaji a kasuwar Petit Marché, ba shi da ɗan'uwa namiji."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Alhaji Hamisu yayan mahaifina ne. Tun da babana ya shiga majami'a ya zama Bulus, shekara talatin da biyar ke nan, Alhaji ya aurar da 'ya'ya tara, ya buga kati tara, ko ɗaya babu sunan ƙanensa. Ga babana kwance a unguwar Yantala, ido ya tafi, ƙarfi ya ƙare, ba abin da yake tambaya sai ko Yaya ya aiko.

Na danna "a'a". Washegari shegiyar ta dawo da maganarta. Ita tana da kati tara, ni yatsa ɗaya.

Na je na sami Alhaji a rumfarsa yana awon barkono, na durƙusa.

"Baba, auren ɗiyarku Khadija ya matso. Ku sa sunan ƙanenku cikin kati, ko can ƙasa ne."

Bai ɗago ba. "Ɗiyar wa ce ke? Mi kika zo saye?"

Tun da ba ya gudun abin kunya, ni ma na ajiye tawa. Na ɗora tsohon hotonsu a Facebook, su biyu suna yara a Dogon Dutsi, riga iri ɗaya. Kafin la'asar Alhaji ya amsa da hannunsa, a idon duniya:

"Ciki guda muka fito, nono guda muka sha, ba ni musu. Amma na yafe shi."

Na yi kuka don haushi. Da safe na iske na'urar ta karanta. Ba ta da gurbin ajiye fushi, sai ta ɗauki abin da ta iya: "Bulus Jibo ƙanen Alhaji Hamisu Jibo ne." Na danna "e" kamar zan fasa madannin.

Da na koma Yantala na karanta wa babana abin da na'urar ta rubuta. Ya ce wannan ba ruwansa da shi, na Yaya yake so. Na karanta masa, na tsaya a "ba ni musu".

"Akwai saura, Rifkatu, na san halinshi," in ji shi. "Bar shi nan. Sake mini daga farko."