Haƙoran da Baba Ya Ƙara

Abin da Auta ta sayo ta intanet bai kai tafin hannun jariri ba, amma an naɗe shi da leda ya fi sau goma. Sai da ta yi ta kwancewa kamar mai ɓare albasa kafin ya fito: ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, cikinsa cike da ƙananan allurai ruwan zinare. Furosesa ce, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta hannu. Tata ta mutu sati biyu da suka wuce, ita kuwa da kwamfutar take zana wa mutane taswirar gidaje.

Ta karkata ta wajen taga, sai ta dafe kai. "Na shiga uku! Baba, wasu alluran sun lanƙwashe."

Baba yana kan teburinsa a ɗan shagon da ke jikin gidan. Shekara arba'in da biyu yana gyaran agogo, kuma ko yau ka ce masa waya ta kashe sana'ar, ka nemo wa kanka wa'azin awa guda. Babban ɗansa ya daɗe yana cewa a naɗe teburin nan, tsoho ya huta. Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne idon Baba na dama ya yi yana, na hagun ma ya kama hanya. Ya tabbata ranar da aka gane, ranar teburin zai tashi, shi kuwa in ba teburin bai san abin da zai yi da safiyarsa ba. Don haka ya ƙware a dabara. In yana son sanin lokaci sai ya tare mai wucewa: "Ƙarfe nawa agogonka ya ce? So nake in ji ko yana yi maka ƙarya."

"Miƙo ta nan," in ji shi.

Ya karɓa, ya juya, ya kara a kunne.

"Baba, ba agogo ba ce."

"Shi ya sa ban yarda da ita ba. Abin da ba ya magana, ta ina za ka san ciwonsa?"

Auta ta ce za ta je ta ɗauko ƙawarta Injiniya, mai gyaran kwamfuta, ta duba ko ɓarnar ta gyaruwa ce ko kuwa an cuce ta ne. Ta ajiye abin a kan auduga, ta ɗaga yatsa. "Don Allah, Baba, kar ka taɓa."

"Ni? Me ya haɗa ni da kayan zamani?"

Ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa ba ya jawo fitila, ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya. Abin da ya gani hazo ne mai ƙyalli. Ya yi tsaki, ya koma ga farcensa, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Ya bi layi-layi a hankali, duk inda farcen ya yi tuntuɓe ya san akwai wanda ya kwanta. Guda bakwai ya samu. Ya ɗauko hantsaki da wata allurar sirinji da ya datse wa baki, yana zura ta a kan haƙorin, don shi haƙora yake ce musu, yana tayar da shi kaɗan-kaɗan, numfashinsa a riƙe. Da ya gama, ya sake bi da farce. Sumul.

Sai farcen ya faɗa giɓi. Ya matsa gaba, ga wani. Haƙori biyu babu a nan, biyu babu a can.

Ran Baba ya ɓaci ƙwarai. Lanƙwasa dai tsautsayi ne, amma a sayar wa 'yarsa abu mai wawulo? Wanda ya koya masa aiki ya sha faɗa masa cewa faifan cikin agogo da ya rasa haƙori ɗaya ba a mayar da shi ciki, sai an dasa wani. Ya zaro siririyar wayar tagulla, ya yanka huɗu, ya goge su daidai da tsawon 'yan'uwansu, ya ɗiga gam da tsinken allura, ya dasa. Ya jingina da kujera yana jin kansa kamar ɗan shekara talatin.

Bayan azahar suka shigo. Injiniya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗauki abin ta duba da nata gilashin. "Ke, ina lanƙwasassun? Ni ban ga ko ɗaya ba."

Auta ta kalli Baba. Baba ya kalli rufi.

Suka buɗe kwamfutar a gefen teburin. Injiniya ta ɗora furosesar a gurbinta, ta ƙi zama. Ta juya, ta sake ɗorawa, abin sai rawa yake kamar kujerar da ƙafa ɗaya ta fi tsawo.

Baba ya yi gyaran murya. "Wataƙila sabbin haƙoran ne ba su saba ba tukuna."

"Waɗanne sabbin haƙora?"

Ya ba su labari, har da irin wayar da ya zaɓa. Injiniya ta so ta daure saboda girmansa, amma ina! Ta tsuguna tana dariya har da hawaye. "Baba, ai wannan giɓin da gangan kamfani ya bar shi, don kada a sa ta a juye. Haka aka haife ta!"

"Da wawulo?"

"Da wawulonta. Amma wallahi hannunka ya isa, na kasa bambance naka da nasu. Cire min su, tunda gam ne zai ɓanɓaru."

Baba ya karɓa yana gunaguni a kan kamfanin da ba ya gama aikinsa. Haushi ya sa ya manta da gilashin. Fuskarsa tana kallon bango, farcensa yana tafiya, ya cire su ɗaya bayan ɗaya.

"Ka gani ko?" Injiniya ta ce tana goge wurin. "A shafe yake, ba alamar karaya. Ko daga nesa ana gani."

Auta, da ita ma take ta dariya, ta daina, ta juyo ta kalli Baba.

Furosesar ta zauna daram. Aka kunna, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Injiniya ta tattara kayanta, ta ce in Baba yana neman aiki tana da aljihun tebur cike da masu lanƙwasassun haƙora, sharaɗin kawai ban da ƙari. Ta tafi tana sauran dariyarta.

Auta ta jawo benci ta zauna kusa da shi. Ta leƙa cikin idonsa.

"Baba, tun yaushe?"

Ya yi niyyar kawo wata dabara, sai ya ji ya gaji. "Na dama tun bara. Na hagu yana bin sawu." Ya shafa bakin teburin. "Kar ki faɗa wa yayanki. Zai ɗauke min shi."

"Yaya zai sani, don shi zai kai mu wajen likitan ido. Amma wanda zai taɓa teburin nan sai ya fara ɗauke ni." Ta dafa hannunsa. "Ka bar ni ina ta yawo a gabanka kamar mara ido, ni ce ma ban gani ba."

Ya juya wajen hasken allon, inda aikinta ya buɗe. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ɗazu da ake masa dariya.

"Auta, gidan nan da kike ta zanawa. Kullum in kin nuna min ina cewa ya yi kyau." Ya matsa kusa da allon. "Ya yi kyan kuwa?"

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan allon, ta ja shi a hankali.

"Nan ƙofa ce, Baba," ta ce. "Shigo."