Ruwan Gozaki ba Malam Murtala

"Ya sake ƙi," in ji Victoria, tana ajiye kwamfutarta a kan tabarmar Malam Murtala. "Na tura umarnin daga Funtua, injin ya ce bai san makullin ba."

Ina bakin ƙofa da kwanon kunun da na kawo wa mara lafiya, na ƙi motsawa. Ni Tasalla, katanga ce tsakanin gidanmu da nasa, kuma tumatir ɗin mijina yana cikin gonakin rani na Gozaki, inda Malam Murtala ya haɗa wa ƙungiyar manoma injin ban ruwa mai aiki da kwamfuta. Kullum da hantsi shi ke shiga ta wayarsa ya tayar da shi. Ranar da ciwon ƙoda ya hana shi, Victoria abokiyar aikinsa ta gwada, ko ɗigo bai fito ba.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ɗaure injin ya yi don kada a sallame shi, wasu suka ce da malamai a ciki. Ni dai injin da ya san mutum ɗaya tal bai kwanta mini ba. Ita ma Victoria ban yarda da zaryarta ba, kamar so take ta kwashe abin da ke kansa tun bai cika ba.

"Inna Tasalla, shigo," ya ce, muryar a dishe. "Na san abin da ake faɗa."

"Ni ban ji komai ba, Malam."

Ya yi murmushi. "In na shiga da kaina, injin yana buɗe fayil ɗin da na ajiye saitin, har da makullin. In aka aiko umarni daga nesa ba a shiga ba, ba ya buɗe shi. Kamar ki yi wa yaro aike ta kan katanga, bai ɗauki jakar da ke ɗaki ba."

"Duk shekarun nan ba ka lura ba?"

"Kullum ina nan, Inna. Yaya zan lura?"

Amsar ta yi mini santsi da yawa. Na zauna ina kallo yana faɗa, Victoria tana bugawa, suna mayar da saitin inda injin zai gani ko ba kowa. Ta ce a gwada yanzu. Ya ce rana ta yi ƙasa, solar da ke ba injin wuta ba za ta ja ba, a saita shi ya tashi da kansa gobe da hantsi. Na ce a raina, ga wata dabarar kuma.

Washegari bayan asuba Allah ya yi masa rasuwa. Na ji zafin abin ƙwarai, amma ko a tsakar gidan makoki sai da wata ta raɗa mini, "Shi ke nan, ya tafi da ruwan." Sakinatu matarsa ta ji, ta sunkuyar da kai.

An fita da shi da hantsi. Muna zaune, wayarsa da ke kan taga ta yi ƙara. Sakinatu ta miƙa wa Victoria.

"Me aka ce?" ta tambaye ta.

"Saƙon injin ne, Anti. Ruwa ya tashi."

Sakinatu ta karɓi wayar, ta goge fuskarta da bakin mayafi, ta ajiye ta a kan filonsa.